Muryar Rakiya a Hanyar Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A tashar Gumel, a teburin mai shayi, har a bakin masallaci bayan an idar da Juma'a, sai wani ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam Haladu, wai gaskiya ne an ba ka motar da ke yi wa direba faɗa?" Na ba da labarin gutsi-gutsi har na gaji da jin bakina, kuma kowa ɓangaren da zai ba shi dariya nake zaɓa masa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da wuraren da nake tsallakewa in ina cikin mutane.

Shekara ashirin da shida na yi ina jan motar haya tsakanin Gumel da Maigatari. Ranar da ba kasuwa in leƙa Gagarawa, garinmu, ko Sule Tankarkar, garin su matata Rakiya. Allah ya yi wa Rakiya rasuwa bara da damina. Ba ta yi boko ba, don haka ba ta taɓa rubuto mini saƙo ba, sai dai ta danna waya ta yi magana, ni kuma in saurara ina kan hanya. Kanwa ta ƙare. An haihu a maƙwabta. Akuyarmu ta sake shiga gidan liman. Bayan an share makoki na duba wayar, na tarar ban goge ko ɗaya ba.

Tun daga nan na koma ina tuƙi da ita. In na loda fasinja na fita gari, sai in ciro wayar daga aljihu in kunna saƙo ɗaya, in ya ƙare in nemo wani. Saƙon murya ba shi da suna, sai kwanan wata da tsawonsa, dole sai ka kalla ka ja da yatsa kafin ka samo wanda ranka ke so. A gida ba na iya saurara. Sau ɗaya na gwada a ɗakinta, ko rabi ban kai ba na kashe. Amma a mota, da ƙugin inji da hayaniyar mutane, sai in ji kamar tana can tsakar gida tana jiran in dawo. Fasinjan da bai sani ba yakan ce, "Direba, lallai Hajiya na ji da kai." In ce masa ƙwarai kuwa.

Abokina Bitrus ne ya jawo mini tafiyar. Mutumin Filato ne, aikin gwamnati ya kawo shi Gumel yana jan motar asibiti, har ya yi ritaya bai koma ba, Hausarsa ma yanzu ta fi ta wasu 'yan gari. Ya ji wata ƙungiya mai kai magunguna asibitocin ƙauyuka, nan da tsallaken iyaka, tana neman direbobi manya, sai ya rubuta sunansa ya rubuta nawa ba tare da ya tambaye ni ba. Motata ta tsufa, gwiwata ma haka, ban yi masa gardama ba. Sharaɗin shi ne mu je Damagaram horon sati ɗaya, wanda ya ci ya jawo motarsa zuwa gida. A takardar da aka aiko an rubuta cewa direba ba ya taɓa waya yana tuƙi. Na yi dariya, na ce wace takarda ce ba ta faɗi haka ba. Amma na ninke ta na sa a aljihun da wayar take.

Ranar Alhamis muka tashi, ranar kasuwar Maigatari, hanya cike da shanu da manyan motoci. Rabon da in zauna a kujerar fasinja har na manta. Duk direba ya san wannan azaba: ƙafarka na taka birkin da babu shi. Wanda ya ɗauke mu yana da ɗan allo a gaban motarsa, ya kunna fim ɗin rawa, ido ɗaya a hanya ɗaya a kan mai rawar. Na yi ta zaginsa a zuci, ina cewa yaran yanzu ba su san darajar ran mutum ba. Duk wannan zagin da wayata a hannu nake yinsa.

A ɓangarenmu na iyaka babu wanda bai san ni ba, gaisawa kawai muka yi. Da muka tsallaka sai wasa ya ƙare. Jandarman Nijar zai sara maka tukuna, cikin ladabi, sannan ya tambaye ka takardar da ba ka taɓa jin sunanta ba. Ya kalli hotona, ya kalle ni, ya sa na cire hula, ya sake kallo, kamar wanda zai sayi rago. Bitrus kuwa a wajen duwan ya maƙale, wato kwastan ɗinsu. Matarsa ta cika masa kula da gwaten acca, ta naɗe da zane uku. Ma'aikacin ya kwance zanen ɗaya bayan ɗaya da fuskar wanda ya kama babban kaya, ya buɗe, tururi ya buge shi. Ya ce, "Mushe, wannan mene ne?" Mushe shi ne Malam a Faransancinsu. Bitrus ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ya bayyanuwa da baki, sai da cokali." Ƙarshenta mu huɗu, har da direbanmu, muka zauna a benci muka cinye shi tas, mutumin na tambayar ko ana samun acca a Maigatari.

Ba mu yi nisa da iyaka ba sabis ya ɗauke daga wayata. Ban taɓa tunanin wannan ba. A zatona saƙonnin a layin suke zaune, in layi ya tafi sun tafi. Na danna na farkon da na gani, na kara a kunne. Sai ga ta: "Baban Asabe, ka manta hularka a kan turmi." Na sauke ajiyar zuciyar da har matar da ke gefena ta juyo ta kalle ni. Bitrus ya gani, ya mayar da kansa taga.

Daga Dungas zuwa Magarya ƙasar tamkar tamu ce, gero ne da rairayi da amalanken shanu, mutanen ma mu ne, sai dai in ka ce lafiya su ce lahiya. A Magarya muka sha fura wajen wata dattijuwa da ta rantse tun daga tafiyarmu ta gane 'yan Najeriya ne, wai kullum kamar ana binmu da bulala. Ta ƙi miƙo ludayi sai da muka zauna.

Masaukinmu a Damagaram gidan wani Alhaji Mutari ne, tsohon direban babbar mota da ya mai da zaurukan gidansa ɗakunan baƙi. Nan na gamu da tashin hankali na biyu. Wayata ta kusa mutuwa, na ciro caja, sai na ga soket ɗinsu 'yan ramuka biyu ne zagayayyu, cajata kuwa mai ƙafa uku. Na bi ɗakunan gidan kaf, duk haka. Na fito tsakar gida da caja a hannu kamar wanda aka yi wa sata. Alhaji Mutari ya yi dariya har da tari, ya jawo wani tsohon gwangwanin madara cike da mahaɗan soket da baƙin Najeriya suka manta, ya ce, "Zaɓi naka, ɗan'uwa. Duk wanda ya zo daga wajenku da wannan kukan yake hwarawa."

Abubuwa da yawa sun ba ni mamaki a garin. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mutum ya saƙale shi a hammata ya hau babur, ɓawon kuma sai ya fasa maka dasashi. Shayi ba a kofi ake ba ka ka kurɓe ka tashi ba, zama ake yi, a dafa sau uku a 'yar buta, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin kunya. Da azahar gari yakan mutu, a rufe ofis da kanti, kowa ya je ya kwanta, har sai rana ta yi sanyi. Mu da muka saba cin abinci a tsaye muna kiran fasinja, kwana biyun farko rasa abin yi muka yi da kanmu. A wannan shirun na azahar ne kewa ta fi kama ni, don babu injin da zan ɓuya a bayansa.

Mai horar da mu mace ce, Madam Hadiza, doguwa mai tabarau. Mu goma sha biyu, duk masu furfura, muka kalli juna. Kafin azahar ta ɗauki mota mai jan tirela ta shigar da ita da baya tsakanin ganguna biyu ba tare da ta waiwaya ba, madubi kawai. Daga nan babu wanda ya sake gyaran murya.

Motocin sababbi ne fil, farare, kowace da allo a gaba da wata 'yar kyamara a saman sitiyari. Madam ta dafa allon ta ce, "Wannan ba haka kawai aka dasa shi ba. Masu ƙera motoci da hukumomin ƙasashe sun daɗe suna zama a kanshi, har suka tsai da ƙa'idoji. In mota na tahiya, ba shi nuna fim, ba shi karɓar rubutu, kuma duk abin da za ka taɓa a jikinshi kada ya ɗauke maka ido ya wuce sakan biyu. In aiki ya fi haka, sai ka tsaya." Wani daga Maraɗi ya ce sakan biyu ai ƙiftawar ido ce. Madam ta fitar da mu fili, ta sa Bitrus ya yi ta tafiya har sai da ta ce ya tsaya, ya zama ɗan ƙarami can kusa da katanga. Ta ce, "Daga nan zuwa wajenshi, shi ne abin da mota ke ci a sakan biyu in kana gudun casa'in. Wa zai yarda in ɗaure mishi ido ya ja mota daga nan zuwa can, ranar kasuwa?" Babu wanda ya ɗaga hannu. Kyamarar kuwa, in idonka ya bar hanya sai ta yi ƙara, tit-tit. Tun ranar muka sa mata suna 'yar sa-ido.

Duk wannan na saurara, na yarda, na gyaɗa kai, kamar wa'azin da ake yi wa maƙwabci.

Rana ta uku aka ce mu kwashe motocin daga ma'ajiya mu kai su wani fili a hanyar Mirya, kowa shi kaɗai a motarsa, a jere. Madam ta ce ta kashe ƙarar kyamarar don mu yi tuƙi yadda muka saba a gida, amma tana ɗauka. Na ji ta sarai. Sai dai a raina na ɗauka hanya za ta ɗauka, a ga wa ya iya riƙe layi. Motar ba ta da ƙara ko kaɗan, gilashi a rufe, sanyi na busowa. Na yi kamar minti goma ina daurewa. Kwana uku rabona da sitiyari, kwana uku rabon da in ji ta yadda na saba. Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba.

Washegari aka rufe tagogin aji, aka haska bango. Hoton rabi biyu ne, sama hanya, ƙasa fuskar direba. Aka nuna wani yana hamma, wani yana ɓare goro da hannu biyu, aka yi ta shewa. Sai ga ni. Ban taɓa ganin fuskata ina tuƙi ba. Na ga kaina na sunkuya, ina jan yatsa, ina murmushi irin wanda ban san har yanzu ina da shi ba. A gefen hoton lamba na ƙirgawa: uku, huɗu, biyar, shida, bakwai. Mutumin Maraɗin nan ya ce, "Kai, tsoho da budurwa." Aka fashe da dariya.

A rabin sama kuwa, motar ta ɗan zame zuwa gefen titi. Wata mata na tafiya a bakin kwalta da ƙwaryar nono a ka. Ta waiwayo, ta yi tsalle cikin rairayi, ƙwaryar ta kife. Ta wuce ta gefen hoton ta ɓace. Ni a ƙasa ina nan ina murmushi. Wallahi ban gan ta ba, sai ranar a bango.

Sannan muryar ta fito, ta cika ajin. "Baban Asabe, in ka taso ka biya ta wajen Inna a Sule Tankarkar, ta ce tana da saƙo." Wasu suka ƙara dariya. Bitrus ya juya daga kujerarsa ya ce, a hankali, "Matarsa ce. Ta rasu." Madam Hadiza ta kashe injin haskawar, ta ce a je a sha ruwa.

Ni kaɗai ta tsayar. Ta cire tabarau, ta yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, har ta tambayi sunan marigayiyar da na 'yarmu. Ta daina ce mini Mushe, ta koma Malam. Na yi ƙarfin hali na ce, "Madam, ai allon nan yana karɓar sauti. In na jera saƙonnin tun kafin in tashi, su riƙa fitowa da kansu, ba kallo, ba taɓawa, ai ban karya ƙa'idarku ba."

Ta ce, "Ta ido da ta hannu ba ka karya ba. Zo ka ga wani abu." Ta mai da hoton gaba kaɗan, inda na riga na ajiye wayar a cinya, hannuna biyu a sitiyari, idona ƙur a hanya, Rakiya na magana. Motar gabana ta kunna sigina, ta taka birki, jan wuta ya haska. Ni ko gezau. Sai da na kusa shiga bayanta na farka. Ta ce, "Ka gani? Kyamara ba ta yi ƙorahi ba, don idonka na nan. Kai ne ba ka nan. Rediyo daban, Malam, wannan daban. Wannan gida take kai ka. Masu ƙa'idar sun iya rufe allo, ba su iya rufe wannan ba, sai kai." Ta turo mini takardar da kowa zai sa hannu ranar ƙarshe: waya a cikin akwatin ƙarfe bayan kujera, tun daga tada inji har kashe shi. Ta ce ba ta tilasta ni, amma ba ta ba da makulli sai da hannun.

Da azahar ɗin ranar ban shiga ɗaki ba. Na zauna gindin darbejiyar tsakar gidan Alhaji Mutari da jakata a ɗaure. Bitrus ya fito ya zauna a gefe ya kalli jakar.

"Ina zuwa?"

"Gida. Motata na nan, ba ta tambayata takarda."

"To, Allah ya kiyaye hanya." Sannan ya ce, "Haladu, ni fa na ci tuwon Rakiya shekara ashirin. Duk Kirsimeti ita ke fara aiko wa matata da kaza. Ba zan ce maka ka manta da ita ba, in ka manta ma ni zan tuna maka. Amma aikin da na yi ka sani. Na sha ɗauko mutum a gefen titi, wayarsa na can cikin ciyawa tana magana ita kaɗai."

Na ce, "Ba ka gane ba. In na rufe ta a akwati, ina zan same ta? A gida ba na iyawa."

Ya ce, "Ban sani ba." Ya fi mini da ya yi mini ƙarya.

Ba maganarsa ce ta kwance jakar ba. Matar nan ce mai nono. Duk inda na juya ina ganin yadda ta waiwayo. Ba yarinya ba ce, za ta yi sa'ar Rakiya, da shuɗin zane. Na yi ta tunanin wanda ke jiranta a gida, da abin da za a je a gaya masa, da yadda shi ma zai koma yana bin ɗaki yana neman abin da ta taɓa. Ranar Laraba na sa hannu. Hannun bai yi kama da nawa ba, amma Madam ta karɓa, ta miƙo mini makulli.

Alhamis da safe muka kamo hanya, ni a gaba Bitrus a baya, bayan Alhaji Mutari ya cusa mana cuku da kilishi, ya kuma ƙi karɓar mahaɗin soket ɗinsa. Na sa wayar a akwatin da hannuna, na ji ƙarar murfin. Ban taɓa yin doguwar tafiya irin wannan ba, ko da na je Legas. Hanyar ce dai da muka bi, amma yanzu kowane amalanke ina ganinsa, kowace akuya, kowane rami. Sau biyu 'yar sa-ido ta yi mini tit-tit, duk biyun aljihuna na kalla, alhali na san babu komai a ciki. Wajen Magarya na tsinci kaina ina magana ni kaɗai, ina gaya wa Rakiya farashin gero a nan da yadda matan garin ke ɗaura kallabi.

Mun iso Maigatari bayan azahar, kasuwa ta cika ta batse. Muna jiran a buga wa takardun motocin hatimi sai ga Sani mai wayarin, wanda ya shekara goma yana gyara mini fitila. Ya zagaya motar yana shafa ta, ya leƙa ciki, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Baba Haladu, ai wannan a ɗaure take. Duk motar da ta fito daga waje haka take zuwa, mu muke kwance su. Waya ɗaya ce tak daga birkin hannu. In na haɗa ta da ƙarfen mota, allon zai ɗauka a tsaye kake har abada, ka kalli abin da kake so, ka kunna abin da kake so. Wannan mai kallon naka kuwa, ɗan baƙin salatif ya ishe ta. Ranar da za ka kai ta ofis ka ɓare. Minti biyar."

Na ce, "Ba za a gane ba?"

"Wa zai gane? Na yi wa motoci sun fi gashin kaina."

Ba zan yi muku ƙarya ba, cewa na yi ya ɗauko kayan aikinsa. Ya ruga cikin kasuwa. Na zauna riƙe da sitiyari, ina kallon mutane na ratsawa ta gaban motar, masu jan shanu, mata da ƙwarya, wani tsoho da buhu a kafaɗa yana tafiya bai ko duba ba, ya bar wa direba amanar kansa. Aka miƙo mini takardu ta taga. Na hango Sani can yana dawowa da filaya a hannu. Ba jarumta na yi ba, guduwa na yi: na tada mota na fice, ban ko yi masa sallama ba.

Ban kai rabin hanyar Gumel ba na ji ba zan iya ƙarasawa haka ba. Na kunna sigina, na sauka gefe, na ja birkin hannu, na kashe inji. Bitrus ya tsaya can baya da nisa, bai fito ba. Na buɗe akwatin, na ɗauki wayar, na taka zuwa gindin wani gawo a bakin gona na zauna. Babu mota a hanya a lokacin, babu iska. Na nemo wanda na fi so, na sautun kasuwa, wanda na ji ya fi sau ɗari, na kunna.

"Baban Asabe, in ka shiga kasuwa ka sayo mini kanwa." Ta tsaya. "Da daddawa, ta wajen matar nan ta Gagarawa." Ta tsaya. "Da zaren saƙa, baƙi."

Na san kowace kalma. Abin da ban sani ba shi ne tsakaninsu. Kullum na ɗauka tunanin sautu take yi in ta tsaya. Ba tunani ba ne. Numfashi take nema. Ina jin sa yanzu ƙarara, yana fita da ƙyar, da ɗan kuka-kuka a ƙirji, kamar ta hau tudu da tulu. Bayan zaren saƙa kuma saƙon bai ƙare ba. A nan nake katsewa kullum in nemi na gaba. Akwai saura sakan tara. Ta manta yatsanta a kan wayar. Na ji ta zauna a kan wani abu, na ji ta ce "wash" a hankali, ba don kowa ya ji ba, sannan numfashin ya ci gaba har ya yanke.

Na duba kwanan watan. Wata biyar ne kafin ranar da ta faɗi a bakin murhu muka kwashe ta zuwa asibiti.

Likitan da ya duba ta ya ce mini ciwon zuciyar ya daɗe a jikinta, da an zo da wuri da an gwada wani abu. Tun daga ranar nake riƙe da wani ɗan fushi da ban gaya wa kowa ba, ko 'yarmu Asabe. Ina cewa a raina, shekara ashirin da huɗu muna tare, me ya sa ta ɓoye mini? Na kunna na gaba da shi, da na gaba da wancan. Duk yana ciki, yana ƙaruwa daga wata zuwa wata, a wayata, a aljihuna, tun tana da rai.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Na dai ji takun Bitrus a bayana, ya tsaya bai matso ba, ya ce, "Lafiya, Haladu?"

Na ce masa, "Ba ta ɓoye ba, Bitrus. Ta gaya mini. Ina tuƙi ne."